Rarar Gudummawar Fansho da Yadda Ake Gyara Ta a Takardar Haraji



Abin da aka nemi in yi magana a kansa ƙarami ne a ido, amma yana taɓa aljihun duk mai ɗaukar albashi. Watau, idan kuɗin da aka cire wa ma'aikaci domin fansho ya zarce abin da ya kamata, ko kuma abin da aka rubuta a takardar haraji ya zarce abin da aka cire a zahiri, yaya za a yi a gyara? Wa zai gyara? Wa kuma zai biya wani? Malamin firamare da ke koyarwa a Gafasa, da ma'aikacin lafiya da ke Gaya, da jami'in gwamnatin tarayya da aka turo Ajingi, dukansu ana yankar wani abu daga albashinsu kowane wata, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa zama suka lissafa ko yankan ya yi daidai.

Asalin al'amarin

Iyayenmu sun san haraji da jangali, waɗanda dagaci da mai unguwa suke tarawa a kai baitulmalin En'e. Wannan haraji ba ruwansa da fansho, ba shi kuma da wata takardar da mutum zai cika ya nemi rangwame. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke shi a Jihar Kano a shekarar 1979. Harajin albashi kuwa, wanda ake cirewa tun kuɗi bai kai hannun mai shi ba, ya ci gaba har yau.

A wancan zamani ma'aikacin gwamnati ba ya zuba ko kwabo domin fanshonsa. Dokar fansho ta 1951, da dokar soja mai lamba 102 ta 1979, duka sun ɗora wa gwamnati nauyin biya daga kasafin kuɗinta. Ma'aikatan kamfanoni ne aka kafa wa asusun tanadi na ƙasa a 1961. Da ma'aikata suka yi yawa, kuɗin gwamnati kuma ya riƙa gazawa, sai bashin fansho ya taru, tsofaffi suka riƙa kwana a bakin ofisoshi. Wannan ne ya haifar da dokar gyaran fansho ta 2004 a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, wadda ta kafa hukumar PenCom, ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 7.5 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya zuba haka. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta maye gurbinta: ma'aikaci kashi 8, mai ba da aiki kashi 10, jimilla kashi 18.

Tsari biyu a gari ɗaya

Kafin mu ci gaba dole a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ma'aikacin tarayya, da na kamfani, yana da asusun ajiyar ritaya da sunansa da lambarsa. Kamfanin kula da fansho ne yake juya kuɗin, wani kamfani dabam kuma yake riƙe da su, don kada mai juyawa ya zama shi ne mai maɓalli. Duk abin da ya shiga wannan asusu na mai shi ne, da ribarsa. Ba ya taɓa shi sai ya yi ritaya ya kuma kai shekara 50, in ban da wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, wanda doka ta yarda ya ɗauki har kashi 25 cikin 100.

Jihar Kano kuwa ta bi wata hanya. Dokar fansho da garatuti ta jiha ta 2006, a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta kafa asusu ɗaya na bai-ɗaya a hannun Amintattun Asusun Fansho na Jihar Kano. Ma'aikaci yana zuba kashi 8, gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma tana zuba kashi 17. Amma fanshon da mutum zai karɓa ba a auna shi da abin da ya zuba. Da albashinsa na ƙarshe da yawan shekarun aikinsa ake lissafa shi. Maƙwabtanmu na Jigawa ma irin wannan tsari suke bi.

To, ga inda bambancin yake da nauyi. Idan aka cire wa ma'aikacin tarayya fiye da ƙa'ida, rarar tana nan a asusunsa, ta tsufa tare da shi. Asararsa ita ce an hana shi amfani da kuɗinsa a yau. Amma idan aka cire wa malamin Gafasa fiye da ƙa'ida, rarar ta faɗa tulun kowa da kowa, ba za ta ƙara masa ko naira ɗaya a fanshonsa ba. In bai nema ba, ta tafi ke nan. Saboda haka a ganina ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi su ne suka fi buƙatar sa ido, ko da yake su ne aka fi mantawa da su a littattafan da ake rubutawa kan wannan fanni.

Yadda haraji ya shigo ciki

Gwamnati tana son mutum ya yi tanadin tsufansa, don haka ta yi masa alkawari: abin da ka zuba a fansho ba za a ɗora masa haraji ba. Sai an fara cire gudummawar daga jimillar albashi, sa'an nan a lissafa haraji a kan ragowar. Wannan shi ne rangwamen. Ma'anarsa kuwa ita ce duk kuskuren da ya shiga lissafin fansho, sai ya haifi ɗa a lissafin haraji. Gudummawa ta yi yawa, haraji ya ragu. Gudummawa ta yi kaɗan a takarda, haraji ya ƙaru.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka sanya 1 ga Janairu 2026 ta zama ranar fara aiki da sabon ma'aunin. A wannan ma'auni, naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji. Naira 2,200,000 da ke biye mata ana biyan kashi 15, sai 9,000,000 da ke biye kashi 18, haka ake hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. An soke babban rangwamen nan na bai-ɗaya da dokar 2011 ta kawo, aka kawo rangwamen kuɗin haya, kashi 20 cikin 100 na hayar shekara amma kada ya wuce naira 500,000. Rangwamen fansho yana nan daram, tare da na asusun gidaje na ƙasa da na inshorar lafiya. A lura da kyau: wanda zai gyara kuskuren 2024 ko 2025, da tsohon ma'auni zai yi lissafi, wanda ya fara daga kashi 7 ya tsaya a kashi 24. Kowace shekara da dokarta ake yi mata hukunci.

Inda rara take fitowa

Kafa ta farko ita ce ofishin albashi. Dokar 2014 ta ce kashi 8 ɗin nan ana ɗaukar sa ne daga abin da yarjejeniyar aiki ta kira albashin wata, amma kada ya gaza jimillar tushen albashi da alawus na gida da na sufuri. Kashi 8 mafi ƙaranci ne, ba iyaka ba ce. In an yi yarjejeniya a kan fiye da haka, babu laifi. Matsala tana zuwa ne idan akawu, ko na'urar da yake aiki da ita, ta ɗora kashin a kan kuɗin da yarjejeniya ba ta ƙunsa ba, ko aka yanka sau biyu a watan da aka biya ariyas na ƙarin girma, ko aka ci gaba da yanka a wuri biyu bayan canjin wurin aiki.

Bari mu ƙaddara wani ma'aikaci, jimillar albashinsa a 2026 naira 3,600,000. Daga ciki, abin da yarjejeniyarsa ta ce a yi lissafin fansho da shi naira 2,400,000 ne. Kashi 8 na wannan shi ne 192,000. Mu ajiye sauran rangwame a gefe don lissafi ya fito fili. Ragowar da haraji zai hau kanta 3,408,000 ce. Dubu 800 ta farko babu kome. Kashi 15 na 2,200,000 ya ba mu 330,000. Kashi 18 na 408,000 da ta rage ya ba mu 73,440. Harajinsa na gaskiya ke nan, naira 403,440.

Amma sai aka yi kuskure aka ɗauki kashi 8 na albashin gaba ɗaya, watau 288,000. Rara ta zama 96,000. Ragowar da aka yi wa haraji ta koma 3,312,000, harajin da aka cire kuma 386,160. Bambanci naira 17,280. Ga abin da mutane da yawa ba sa son ji: ranar da aka mayar masa da naira 96,000 ɗin nan, ta tashi daga gudummawar fansho ta koma albashi, kuma hukumar haraji tana bin sa 17,280 a kanta. Abin da zai shiga aljihunsa tsaf shi ne 78,720. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kafa ta biyu ba ta taɓa kuɗi ko kaɗan, a takarda kawai take. Mutum ya karɓi bayanin asusunsa daga kamfanin fansho, ya ga an zuba naira 432,000 a shekara, sai ya kwashe adadin duka ya rubuta a fom a matsayin rangwamensa. Alhali kuwa 240,000 daga ciki kason mai ba da aiki ne, kashi 10 ɗin nan, wanda tun farko bai shiga albashin da aka yi wa haraji ba. Ya nemi rangwame a kan abin da ba a taɓa cajinsa ba. A misalinmu wannan zai rage masa haraji da naira 43,200 ba bisa haƙƙi ba. Yawanci rashin sani ne, ba ha'inci ba, amma bashin ba ya faɗuwa saboda rashin sani.

Akwai kuma kishiyar haka, wadda ta fi ciwo: an yanke gudummawa daga albashi, an ba da rangwame a kanta, amma kuɗin bai isa asusu ba. Dokar 2014 ta ba mai ba da aiki kwana 7 na aiki daga ranar biyan albashi ya miƙa kuɗin, in ya saɓa kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kowane wata. A nan ma'aikaci ba shi da laifi wajen hukumar haraji, domin an cire kuɗin daga hannunsa. Ƙararsa tana wajen hukumar fansho.

Wani zai ce, ni da nake kan mafi ƙarancin albashi me ya haɗa ni da wannan? Jihar Kano ta tsayar da naira 71,000 a wata a ƙarshen 2024, watau 852,000 a shekara. Ko da a kan dukan wannan aka ɗauki kashi 8, za a cire 68,160, ragowar 783,840, ba ta kai dubu 800 ba. Irin wannan ma'aikaci haraji ba zai hau kansa ba a sabon ma'auni. Amma in aka yanke masa rarar naira dubu ɗaya a wata, dubu goma sha biyu ce a shekara, kuma mai noma ɗan fegi a gefen aikinsa ya san abin da wannan kuɗi zai yi masa a farkon damina.

Gudummawar ganin dama

Kafa ta uku ta shafi masu asusun kansu, musamman manyan ma'aikata. Doka ta yarda mutum ya ƙara zuba wani abu bisa raɗin kansa ta hannun ofishin albashinsa, ya kuma sami rangwame a kai. Sharaɗin da dokar 2014 ta gindaya shi ne, in ya cire kuɗin kafin cikar shekara 5, za a cire haraji daga ribar da suka haifar.

Wasu masu wayo suka ga ƙofa. Sai mutum ya tura rabin albashinsa asusun fansho a wannan wata, haraji ya faɗi ƙasa, bayan ɗan lokaci ya je ya kwaso abinsa. Asusun tsufa ya zama mashigar kauce wa haraji. A 2017 hukumar harajin Jihar Legas da hukumar haɗin gwiwa ta haraji ta ƙasa suka fitar da sanarwa suna ƙalubalantar wannan dabara, suka kuma kafa hujja da dokar ƙwadago, wadda ta hana a cire fiye da sulusin albashin ma'aikaci a wata. A ƙarshen shekarar PenCom ta raba irin wannan gudummawa gida biyu: rabi a kulle har ritaya, rabi kuma a iya taɓawa bayan wa'adi, wanda a lokacin shekara biyu ne. A 2019 kotun sauraron ƙararrakin haraji da ke Legas, a shari'ar kamfanin man fetur na Nexen, ta yanke cewa gudummawar ganin dama tana da haƙƙin rangwame. Hukuncin ya yi daidai a ganina, domin abin da doka ta halatta ba a haramta shi da sanarwa. Sai dai wanda ya zuba fiye da sulusin albashinsa ya sani cewa abin da ya haura shi ne wurin da za a fara yi masa tambaya, kuma PenCom takan sabunta ƙa'idojinta, don haka a nemi na ranar daga kamfanin fansho kafin a sa hannu a kan kome.

Hanyar gyara

Abu na farko takardu ne. A tara takardar albashi ta wata goma sha biyu, da takardar ɗaukar aiki ko ta ƙarin girma, da bayanin asusu ga mai asusu. A jera wata-wata: abin da ya kamata a cire, abin da aka cire, abin da ya isa. Wanda ya je ofis da baki kawai, da baki za a sallame shi.

In an gano kuskuren cikin shekarar da ya faru, gyara ba wuya. Ofishin albashi yana miƙa harajin kowane wata kafin 10 ga watan da ke biye, kuma yana iya daidaita fansho da haraji a watannin da suka rage, yadda jimillar shekara za ta fito daidai. Mafi kyawun lokaci shi ne kafin 31 ga Janairu, ranar da doka ta ce kowane mai ba da aiki ya miƙa wa hukumar haraji jadawalin albashin ma'aikatansa na shekarar da ta gabata. Da zarar wannan jadawali ya tafi da kuskure a cikinsa, sai an rubuta takarda an bi sawu.

Ma'aikaci ba ya iya zuwa kamfanin fansho ya ce a ba shi rararsa a hannu. Wanda ya tura kuɗin shi ne zai rubuta ya amsa cewa ya tura fiye da kima, ya haɗa da jadawali, kamfanin ya tantance bisa ƙa'idojin PenCom, a mayar ta inda kuɗin ya fito. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma kuwa zai rubuta ta hannun shugabansa, malami ta ofishin sakataren ilmi, zuwa sashen albashi da ofishin Amintattu a Kano. Ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Mai asusu yana da wani zaɓi kuma: in rarar ba ta da yawa, yana iya neman a bar ta a lissafa ta cikin gudummawar ganin dama, in kamfaninsa da ofishinsa sun amince; ta haka rangwamen ya tsaya, ba sai an warware kome ba. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana iya neman a mayar da asusunsa rukuni na shida, wanda aka buɗe a 2021 domin juya kuɗi ba tare da riba ba.

Sai takardar mutum ta kansa. Kowane mai samun kuɗin shiga ana so ya miƙa bayaninsa na shekarar da ta wuce kafin 31 ga Maris, ga hukumar harajin jihar da yake zaune, ba jihar da hedikwatar ma'aikatarsa take ba. Mazaunin Gafasa ko Gaya, Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano ce tasa. Ma'aikata da yawa sun ɗauka tun da ana cire musu daga tushe sun huta, amma dokar gudanar da haraji ta 2025 ta sanya tarar naira 100,000 a watan farko ga wanda bai miƙa ba, da 50,000 a kowane wata bayansa. A cikin fom, a rubuta kason ma'aikaci kaɗai, kuma adadin da ya tabbata bayan gyara. In an riga an miƙa da kuskure, a rubuta wa hukuma takarda a faɗi shekarar, da adadin da aka rubuta, da wanda ya kamata, da bambancin harajin, a biya a karɓi rasit. Jinkiri yana jawo tarar kashi 10 cikin 100 da kuɗin ruwa a kai. Hukuma tana da shekara 6 da za ta iya komawa baya ta sake lissafi, in kuwa akwai zamba babu wa'adi. Inda ofishin albashi ne ya cire ƙasa da kima, shi hukuma za ta fara kamawa, shi kuma ya juyo kan ma'aikaci. Saboda haka kada wani ya yi murna cewa ba sunansa ke kan takardar ba.

In gyaran ya nuna an karɓi haraji fiye da kima, mutum yana da haƙƙin a mayar masa ko a lissafa masa a gaba, muddin ya nema a rubuce cikin shekara 6. In hukuma ta aiko da lissafin da bai yarda da shi ba, kwana 30 gare shi ya rubuta ƙin amincewa tare da dalilansa. Daga nan sai kotun ƙararrakin haraji, wadda reshenta na shiyyarmu yake Kaduna. Kwana talatin ɗin nan ba wasa ba ne, musamman ga wanda takarda takan yi mako biyu a sakatariya kafin ta iske shi a ƙauye. Wanda ya bari suka wuce, lissafin ya zauna.

Ga 'yan'uwanmu da ke aiki a Amurka, al'amarin ya fi tsanani, domin can iyaka ce ƙayyadajjiya da dala. A 2025 abin da mai ƙasa da shekara 50 zai zuba a asusun ritaya na ƙashin kansa bai wuce dala 7,000 ba, na wurin aiki kuma dala 23,500. Rarar asusun ƙashin kai, in ba a fitar da ita tare da ribarta kafin wa'adin miƙa takardar haraji ba, ana cin ta tarar kashi 6 cikin 100 a kowace shekarar da ta kwana a ciki. Rarar asusun wurin aiki kuwa, wadda takan faru ga wanda ya canza aiki a tsakiyar shekara, sai an fitar da ita kafin 15 ga Afrilu, in ba haka ba a biya haraji a kanta sau biyu, da shigarta da fitarta. Mu a nan ba mu da irin wannan tara ta shekara-shekara a kan rara.

Akwai wani rukuni da ya kamata a ja hankalinsu na musamman, watau masu dab da ritaya. Yakan faru takardar ritaya ta makara, albashi ya ci gaba da fita wata biyu ko uku bayan ranar da aiki ya ƙare, ana yankar fansho da haraji a kansa. Idan aka zo lissafin garatuti, za a zare wannan albashi daga haƙƙin mutum. Abin dubawa shi ne, nawa aka zare? In jimillar albashin aka zare, alhali abin da ya shiga hannunsa ragowa ce bayan yanka, to gudummawar fansho da harajin waɗannan watanni sun zama rara, an karɓe su daga gare shi sau biyu, kuma yana da haƙƙin nemansu. Magada ma haka, idan ma'aikaci ya rasu albashi bai tsaya nan take ba. Kafin a sa hannu a kan takardar lissafin ƙarshe, a nemi a ga jadawalin zarewar, wata-wata, a kwatanta shi da takardun albashi na watannin.